RAGIN KUƊIN CEFANE GA TSOFAFFI A ƘASAR FILIFIN

Kowa ya san cewa idan mutum ya tsufa ƙarfinsa yakan ragu, samunsa ma ya ragu, amma cikinsa ba ya daina neman abinci. Saboda haka ne gwamnatocin waɗansu ƙasashe suka fito da wata dabara. Sukan ba tsoho katin shaida, in ya je sayayya ya nuna sai a rage masa kuɗi. A Singafo, ga misali, akwai manyan kantuna masu suna FairPrice waɗanda suka ware waɗansu ranakun mako don yi wa dattawa masu katin gwamnati ɗan ragi. Amma wannan alheri ne na masu kantin. Ƙasar da nake so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani a kanta ita ce Filifin, domin a can abin doka ne, mai kanti ya so ko ya ƙi.

Filifin ƙasa ce ta tsibirai fiye da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya. Babban birninta Manila, sunan kuɗinta kuwa peso. Shinkafa ce abincin mutanenta safe da rana da dare. A ƙidayar da aka yi a 2020 an sami mutum miliyan 109 a ƙasar, daga cikinsu miliyan 9 da ɗoriya sun kai shekara 60 ko sun wuce. Mutane ne masu ganin girman na gaba. In yaro zai gai da kakansa sai ya kama hannunsa, ya sunkuya, ya ɗora bayan hannun a goshinsa. Har ma tsarin mulkinsu na 1987 ya ce kula da tsofaffi wajibi ne a kan iyali, amma gwamnati ma tana iya sa hannu.

Dokar farko ta yi wa tsofaffi ragi ta fito ne a 1992. A lokacin ba kowane tsoho ne ya cancanta ba, sai wanda samunsa na shekara bai wuce peso 60,000 ba. A 2004 aka gyara dokar aka cire wannan sharaɗi, sa'an nan a 2010, zamanin Shugaba Gloria Arroyo, aka sake faɗaɗa ta. Tun daga 2004 ɗin duk ɗan ƙasa da ke zaune a cikinta, muddin ya cika shekara 60, to, ya shiga, ko attajiri ne ko matalauci. Kowace ƙaramar hukuma tana da ofishin kula da al'amuran tsofaffi, kuma can ne ake ba da katin.

To, ragin iri biyu ne, mutane da yawa kuwa sukan rikita su. Na farko shi ne babba, watau kashi 20 cikin 100. Ana yin sa wajen sayen magani, da ganin likita, da kuɗin mota da jirgi na cikin gida, da cin abinci a gidan abinci, da shiga silima, har da kuɗin jana'iza. Ban da wannan kuma ba a karɓar harajin sayen kaya daga hannun tsoho, harajin da ake kira VAT, wanda a Filifin kashi 12 ne cikin 100. Bari mu buga lissafi. A ce wata tsohuwa ta ci abincin peso 112. Da fari za a cire harajin, saura 100. Sa'an nan a cire kashi 20, saura 80. Watau ta tsira da peso 32 a zama ɗaya. Amma fa in ta zo da jikokinta uku, ba duka kuɗin za a rage ba. Sai an raba shi gida huɗu tukuna, a yi ragi a kan nata kason kaɗai.

Na biyu shi ne na cefane a manyan kantuna, kuma shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wannan kashi 5 ne kacal cikin 100, kuma ba a ɗage haraji a kansa. Ba kuma kowane kaya ne ya shiga ba. Tun 1992 ƙasar tana da wata dokar farashi wadda ta jera abubuwan da rayuwa ba ta yiwuwa sai da su, kuma a kan wannan jeri aka dogara. Akwai shinkafa da masara da burodi, da kifi ɗanye da busasshe da na gwangwani, da nama da ƙwai da madara, da ganye da rogo da dankali, da sukari da gishiri da man girki da gahawa, da sabulun wanki da gawayi da itacen girki da kyandir. Taba da giya da alewa da lemon kwalba ba sa ciki, haka kuwa ya dace.

Ragin yana da iyaka. Daga 2010 an yanke cewa kayan peso 1,300 kaɗai za a yi wa ragi a mako guda. Duk wanda ya iya lissafin kashi cikin ɗari ya san kashi 5 na 1,300 shi ne 65. Haka aka zauna wajen shekara goma sha huɗu, farashin kaya yana ta hawa, peso 65 ɗin nan kuwa tana nan inda take, har ya zama da ƙyar take wuce kuɗin kilo guda na shinkafa. Sai a watan Maris na 2024, bayan 'yan majalisa sun matsa, ma'aikatun ciniki da gona da makamashi suka haɗu suka ɗaga iyakar zuwa peso 2,500, watau ragin peso 125 ke nan a mako. A farashin wannan shekarar kuɗin ya kai na shinkafa kilo biyu da 'yan kai.

Don kada a yi maguɗi, ban da katin akwai wani ɗan littafi da ofishin tsofaffi ke bayarwa. Duk sa'ad da aka yi sayayya mai karɓar kuɗi zai rubuta a ciki, domin kada mutum ya cika iyakarsa a wannan kanti sa'an nan ya tsallaka wancan ya sake. Ƙa'ida ta ce kayan su zama na amfanin tsohon ne shi kansa, kuma a kashe kuɗin a kan kaya aƙalla iri huɗu. Wannan don a hana ɗan kasuwa tura kakarsa ta kwaso masa buhunan shinkafa da araha ya je ya sayar. In mako ya wuce ba a yi amfani da ragin ba, shi ke nan ya tafi, ba a tara shi a haɗa da na gaba. Tsohon da ba ya iya fita yana iya aiken wani, amma tilas ɗan aiken ya zo da katin da littafin da takardar izni. Irin wannan littafi har wajen sayen magani ana neman sa a dā, sai a Disamba 2024 ma'aikatar lafiya ta cire sharaɗin, saboda tsofaffi kan manta shi a gida su rasa raginsu. Mai kantin da ya ƙi bin dokar 2010 kuwa hukuncinsa ba na wasa ba ne: tarar peso 50,000 zuwa 100,000 da ɗauri daga shekara biyu zuwa shida, a laifin farko ma ke nan.

Yanzu sai mu zo ga tambayar da ta fi kowace nauyi. Kuɗin da aka rage ɗin nan, daga aljihun wa yake fita? A kasuwanninmu in mai awo ya yi wa tsohuwa gyara, ko ya yi mata rangwame don ganin furfurarta, shi ya ga dama kuma shi ya san abin da ribarsa za ta iya ɗauka. A nan kuwa gwamnati ce ta yi alkawarin, amma ba ita ke cika shi duka ba. A dokar 1992, game da babban ragin nan na kashi 20, mai kanti yakan cire abin da ya rage wa tsofaffi kai tsaye daga harajin da zai biya, watau a ƙarshe baitulmali ne ya ɗauki nauyin. Dokar 2004 ta sauya wannan. Ta ce a lissafa ragin cikin kuɗin da kanti ya kashe kafin a yanka masa haraji. Bambancin kamar kaɗan ne a baki, amma a aljihu babba ne. Ga misali, harajin manyan kamfanoni a Filifin kashi 25 ne tun gyaran da aka yi a 2021. In kantin magani ya rage wa tsoho peso 20, abin da zai dawo masa ta hanyar sauƙin haraji peso 5 ne, sauran 15 kuwa hasararsa ce.

Masu kantunan magani ba su yi shiru ba. Wani kamfani mai suna Carlos Superdrug da waɗansu 'yan'uwansa suka kai ƙara, suna cewa wannan ƙwace dukiya ne ba tare da diyya ba. A 2007 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar, ta ce gwamnati tana da ikon ɗora wa 'yan kasuwa irin wannan nauyi saboda amfanin jama'a. A 2013 wani kamfanin maƙabarta na Manila ya sake gwadawa, shi ma bai yi nasara ba. Masu manyan kantunan cefane su ma sun koka a 2024 da aka ɗaga iyakar, suna cewa ribar da ke kan shinkafa da sukari da man girki ba ta taka kara ta karya ba, balle a yanki kashi 5 a ciki. A ganina wannan ne ya sa ragin cefane ya tsaya ƙarami, aka kuma kewaye shi da iyaka da littafi. Ɗan kasuwa kuwa ba ya kwana da hasara in yana da mafita. Abin da ya rasa a wajen tsoho yana iya ɗora shi a kan farashin sauran kaya, sauran masu saye su biya ba su sani ba, ciki har da 'ya'yan tsohon nan.

Amma duk wannan bai dame ni ba kamar wani abu guda. Talakan Filifin ba a babban kanti mai sanyi yake yawan cefane ba. A kowace unguwa da kowane ƙauye akwai 'yan ƙananan shaguna da suke kira sari-sari, kamar dai mai tireda a ƙofar gida. Can ake sayen abu kaɗan kaɗan, man girki na ƙulli, sabulu guda, gahawa ƙunshi ɗaya, kuma can ne ake ba da bashi a rubuta a littafi sai an samu. Kifi da nama da ganye kuwa a kasuwa ake sayen su. To, ƙa'idar da aka shimfiɗa a 2010 ta fitar da kasuwanni da ƙananan shagunan da jarinsu bai kai peso 100,000 ba daga cikin masu yin ragin. Ba a yi laifi ba da aka fitar da su, domin matar da ke sayar da kifi a kan tebur ba ta da ribar da za ta yanka. Sai dai sakamakon shi ne tsohon da ke can wani tsibiri, wanda sai ya shiga kwalekwale ko ya biya kuɗin mota kafin ya ga babban kanti, katin nan ba ya yi masa aikin komai wajen cefane. Kuɗin motar ma kaɗai yana iya cinye ragin.

Ko da kantin yana kusa, ragi na mai abin saye ne. Kafin mutum ya sami cikakkiyar peso 125 ɗin nan, sai ya zube peso 2,500 a mako, watau 10,000 a mako huɗu. Tsohon ma'aikacin banki mai fansho mai kauri zai yi haka ba tare da ya ji a jikinsa ba, kuma doka ta ba shi ragin daidai da kowa tun da aka cire sharaɗin samu a 2004. Shi kuwa tsohon masunci ko manomin rake da bai taɓa aikin albashi ba, in peso 400 ce ta shigo hannunsa a mako, raginsa peso 20 ne. Wanda ya fi bukata shi ne ya fi samun kaɗan. Ban ce ragin ba shi da amfani ba. Kilo biyu na shinkafa a mako ba abin rainawa ba ne a gidan da ake ƙirga loma, kuma na magani ya fi wannan nesa ba kusa ba, tun da yake tsufa da ciwo tare suke tafiya.

Su kansu 'yan majalisar ƙasar sun lura da wannan giɓi, shi ya sa dokar 2010 ta ƙunshi wani abu dabam ga tsofaffi marasa galihu, watau waɗanda ba su da fansho, ba su da wani samu tabbatacce, ba su kuma da dangin da ke ɗaukar nauyinsu. Waɗannan gwamnati kan ba su kuɗi a hannu daga baitulmali, ta hannun ma'aikatar jin daɗin jama'a. Da fari peso 500 ne a wata. A 2022 aka yi dokar ninka shi zuwa 1,000, aka kuma fara biyan sabon kuɗin a 2024, ga tsofaffi wajen miliyan 4. Wannan kuɗi ba ya bukatar babban kanti, ana iya kashe shi a wajen mai sari-sari ko mai kifi, ko a biya bashin da ke cikin littafi. In kuwa tsohuwa ta ɗauki peso 1,000 ɗin gaba ɗaya ta kai babban kanti, ta nuna katinta da ɗan littafinta, abin da za a rage mata a watan duka peso 50 ne.