Babi na Bakwai: Yadda Aka Gano Tushen Gidan Lincoln

Abraham Lincoln, shugaban Amurka na 16, ya rasu bai san daga ina zuriyarsu ta taso ba. Ya dai san cewa kakansa, wanda aka raɗa masa sunansa, ya baro Bajiniya zuwa Kentaki, inda wani ɗan asalin ƙasar ya harbe shi a gona a 1786, a gaban 'ya'yansa. Da ya rubuta taƙaitaccen tarihinsa a 1859, ya ce an yi ƙoƙarin danganta su da dangin Lincoln na arewa maso gabashin ƙasar, amma ba a samu komai ba sai kamancin sunaye.

Ashe kuwa jini ɗaya ne. Sai bayan rasuwarsa masu bincike suka tabbatar da haka, ta hanyar tona takardun wasiyya da na cinikin gonaki da rajistar coci-coci, gunduma bayan gunduma.

Tushen shi ne wani yaro mai koyon saƙa, Samuel Lincoln, daga ƙauyen Hingham na Ingila. A 1637 ya biyo ubangidansa masaƙi suka ƙetare teku, ya zauna a wani gari na Masachuset mai suna Hingham shi ma. Ɗansa Mordecai maƙeri ne. Jikan Samuel, shi ma Mordecai, ya yi ƙaura zuwa Niyu Jasi, daga nan Fensilbaniya. Ɗansa John ya gangara Bajiniya, ɗan John, Abraham, ya nausa Kentaki, sai ɗansa Thomas, mahaifin shugaban da aka haifa a 1809. Kusan kowane uba ya bar inda aka binne cibiyarsa, shi ya sa labarin ya yanke a bakin jikoki.

A nan ne aikin masu bincike ke da wuya. Gida ɗaya kan maimaita suna ɗaya sau uku ko huɗu, kuma ƙidayar farko ta 1790 sunan maigida kaɗai ta ɗauka. Wasiyya ce ke raba gardama, domin a cikinta mamaci ke lissafa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, da gonar da ya bar wa kowa.

Abin da ke sosa mini rai shi ne, wannan hanya ta masu gona ce. Yawancin bayin da aka kwaso daga Afirka, a cikin lissafin dukiya ake tarar da su, da suna guda da farashi. Akasarin jikokinsu ba su shiga ƙidayar tarayya da cikakken suna ba sai a 1870.