Da Me Ake Cika Fiffiken Jirgin Sama Ƙirar Gida?

A ƙasar Amurka doka ta yarda mutum ya ƙera wa kansa ƙaramin jirgin sama, muddin shi ya yi fiye da rabin aikin, kuma hukuma ta duba ta amince. To, babu inda ran maƙeri ya rataya kamar fiffike, domin shi ke ɗauke da nauyin jirgin duka a sama. Saboda haka zaɓen abin da za a sa cikinsa ba abin wasa ba ne.

Hanya ta fari ita ce ta katako, kamar jirgin da Bernard Pietenpol ya ƙera a 1929. Akan yi ƙashin baya da haƙarƙari da katako mara nauyi, sa'an nan a lulluɓe da yadi. Kayan kafinta sun isa wannan aiki, amma fa danshi yana ruɓar da katako.

Ta biyu ita ce ta alminiyam, wadda kamfanin Van's Aircraft ya shahara da ita. Cikin fiffiken fayau yake, sai haƙarƙari, ana haɗa kome da dubban ƙananan ƙusoshi. Jirgin Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna domin koyar da mayaƙan sama na Nijeriya, daga samfurin RV-6A na wannan kamfani aka ɗauko shi.

Ta uku kuwa Burt Rutan ne ya yaɗa ta da jirginsa VariEze, wanda ya fara tashi a 1975. Akan yanka soson roba mai tauri da waya mai zafi, ya fito da siffar fiffike, a shimfiɗa masa ƙyallen zaren gilashi, a shafe da gam mai ƙarfi. Soson yana hana fatar lanƙwashewa, fatar kuma ta ɗauki nauyi.

Amma soso iri-iri ne. Irin da ake kira folistirin yana yankuwa sumul, sai dai fetur na narkar da shi, don haka ba a sa shi a jikin tankin mai. Irin da ake kira foliyuritan kuwa, in waya mai zafi ta taɓa shi hayaƙi mai guba yake fitarwa. Haka nan zafin rana na sassauta gam, shi ya sa ake shafa wa irin waɗannan jirage farin fenti.

Shawarar masana ita ce, kada maƙeri ya musanya abin da mai zanen jirgin ya ƙayyade don neman araha, gama araha ba ta ado.