Karen garke a ƙasar Kance: halin kowane iri da kulawar da yake bukata

Da kaka ta yi, an kwashe gero da dawa a gonakin Kance, sai garkuna su fara shigowa cin kara. Daga Matameye zuwa Dungu, Yawuri da Ɗan Barto, za ka ga an kafa ruga a gindin gawo, shanu a tsakiya, tumaki da awaki a gefe. In dare ya raba makiyayi ya kwanta, wanda ke zaune ido biyu shi ne kare. Shi ke fara jin motsin dila, shi ke fara jin takun ɓarawo. Amma in aka zo lissafin dabbobin gida, ana ƙirga saniya da tunkiya da jaki har da kaji, a bar kare a waje. Ba a yi masa allura, ba a ba shi maganin tsutsa, abincinsa kuwa abin da ya tsinta.

Wannan sakaci yana da tsada, kuma garke ne ke biya. Mun tattaro abin da masu karnuka suka sani game da halin nau'o'in da ake gani a yankinmu, muka haɗa da abin da likitocin dabbobi suka tabbatar, domin mai niyyar ajiye kare ya san wanda ya dace da shi, wanda ya riga ya ajiye kuma ya san haƙƙin da ke kansa.

Karen gida

Shi ne wanda kowa ya sani: matsakaicin jiki, gajeren gashi, ja-ja ko fari-fari, wani da baƙi. Babu wanda ya zaɓe masa uwa da uba, ƙasar ce ta tace shi. Yana jure rana, yana jure ƙishirwa, ƙanzo da dusa da ɗan nono sun riƙe shi. Masu shi sun shaide shi da saurin haushi, kuma abin da ake nema ga mai gadi ke nan. Ba ya cika faɗa wa mutum kai tsaye. Yakan tsaya nesa ya yi ta haushi har mai gida ya tashi.

Inda ake kuka da shi wurin yawo ne. Karen da ba a ciyar da shi a gida, a kwata da bola zai nemi abinci, can kuma yake haɗuwa da karnukan da ba su da mai su. Wani ya koyi satar ƙwai, wani ya koyi kama ƴan tsaki. In ka bincika, yawancin karnukan da ake cewa sun lalace yunwa ce ta fara fitar da su.

Karen Buzaye

Wanda ya taɓa haurawa arewa da dabbobi lokacin damina ya san wannan kare: dogayen ƙafafu, siririn ciki, ƙirji mai zurfi, haƙarƙari a bayyane. Buzaye da Fulanin arewa sun daɗe da shi a matsayin mai gadin zango da mai kamun zomo da barewa. Turawa sun sa masa sunan Azawak, wato kwarin da ya ratsa arewacin Nijar da Mali. Tun farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amince da shi a jerin nau'o'inta. Namiji yakan kai santimita 64 zuwa 74 a tsayin kafaɗa, nauyinsa kuwa kilo 20 zuwa 25 kacal.

Halinsa daban yake. Yana manne wa mutanen gidansu, baƙo kuwa ba ya sakin jiki da shi ko da ya daɗe yana zuwa. Ba ya son tsawa, ba ya son duka. In ka buge shi zai ƙaurace maka, ya daɗe bai manta ba. Duk abin da ya zabura a guje, shi ma zai bi shi, saboda haka wanda ya kawo babba cikin gida mai kaji da ƴan awaki ya jawo wa kansa rigima da maƙwabta. Ɗaure shi a turke yini guda azaba ce gare shi, don jikinsa na gudu ne. Kada ganin haƙarƙarinsa ya sa ka ce yana rama, haka halittarsa take. Sai dai rashin kitse da gajeren gashi sun sa sanyin hunturu yana kama shi, ya kamata a ba shi tsohon buhu da wurin da iska ba ta bugawa.

Karnukan waje

A ƴan shekarun nan ana ganin manyan karnuka da ake kawowa daga birane, galibi don gadin gida, shago ko lambu. Wanda ya fi yawa shi ne karen Jamus, wanda mutane ke kira karen ƴan sanda. An kafa irinsa a Jamus a 1899, kuma asalinsa karen kiwon tumaki ne. Yana da kaifin ƙwaƙwalwa, yana ɗaukar horo da wuri, yana son aiki. Amma gashinsa ninki biyu ne, an yi shi don ƙasar sanyi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a jihar Damagaram, kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. In babu inuwa da ruwa kusa, zafi kaɗai yana iya kashe shi. An kuma san wannan iri da saurin faɗuwa in cutar da kaska ke sakawa cikin jini ta kama shi, da ciwon ƙugu in ya girma.

Akwai kuma Boerboel na Afirka ta Kudu da Rottweiler, masu ƙaton kai da ƙarfin muƙamuƙi. Babban Boerboel yakan wuce kilo 60, wato ya kusan ninka karen Buzaye sau uku, cinsa ma haka. Waɗanda suka ajiye su sun san abu biyu: kuɗin abinci da magani ba ya ƙarewa, kuma in ba a horar da su tun suna ƙanana ba, ranar da igiya ta tsinke sai an kai wani asibiti. Irin wannan kare ba zai bi garke a burtali daga safe zuwa yamma ba. Ga makiyayi mai tafiya, karen gida ko na Buzaye ya fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Tarbiyya tun yana ɗan kwikwiyo

Iri yana ba da rabin hali, sauran rabin daga hannun mai shi yake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makonni uku zuwa goma sha biyu na farkon rayuwa su ne lokacin da kwikwiyo ke sanin su wane ne nasa. In kana son mai gadin garke, ka raba shi da uwarsa yana da kamar mako takwas, ka sa shi kwana kusa da tumaki, ya ci abinci a wurin, ya saba da warinsu. In ya fara wasan cizon kunnen ɗan rago, a tsawata masa nan take. A ƙasar Namibiya, tun 1994 wata ƙungiyar kare namun daji, Cheetah Conservation Fund, take raba wa makiyaya kwiyakwiyan manyan karnukan gadi na ƙasar Turkiyya, kuma hanyar da take bi ke nan: kwikwiyo ya tashi cikin awaki har ya ɗauke su danginsa.

A hana yara jifan kare da ja masa wutsiya, a kuma koya musu kada su kusance shi yana cin abinci, yana barci, ko karya tana shayarwa. Yanke kunne ba ya ƙara wa kare zafin nama, rauni ne kawai da ƙuda za su bi.

Tsutsar da ke tashi daga kare ta koma garke

Makiyaya da yawa sun taɓa ganin tunkiya ta fara juyawa wuri guda, ta karkata kai, ta ware daga garke, ta rame har a yanka ta. In aka fasa kan, sai a tarar da wata ƴar jaka mai ruwa a cikin ƙwaƙwalwa. Mahauta kuma sun saba ganin irin waɗannan jakunkunan ruwa a hanta da huhu. Dukansu ƴaƴan tsutsar ciki ne waɗanda uwayensu ke zaune a hanjin kare.

Ga yadda abin ke zagayawa. An yanka dabba, an ga hanta ko huhu ya lalace, an jefa wa kare. Tsutsa ta girma a cikinsa, ƙwanta ya fita da kashinsa ya zauna a ciyawa da bakin rijiya. Tunkiya ta ci ciyawar, jaka ta fito a jikinta. Karen kansa ba ya nuna alamar ciwo, shi ya sa ba a zarginsa. Nau'in da ke kama hanta da huhu yana kama mutum ma, musamman yaron da ya shafa kare ya ci abinci bai wanke hannu ba, kuma sau da yawa sai da tiyata ake raba shi da ita.

Maganin wannan yana hannunmu. Kada a ba kare kan tunkiya ko kayan ciki ɗanye. A dafa su sosai, ko a binne da zurfi, ko a ƙona. A kula da wannan musamman ranar sallar layya da ranakun kasuwa. Mushe kada a bar shi a fili. Sannan a ba kare maganin tsutsa mai suna praziquantel aƙalla sau huɗu a shekara, gwargwadon nauyinsa, a ɗaure shi kwana biyu bayan ya sha, a binne kashin da ya yi.

Kaska da ƙuma kuma a riƙa duba su a kunne, wuya da tsakanin yatsu. Kada a wanke kare da maganin feshin gona, kada a ba shi ƙwayoyin ciwon kai na mutane, kada kuma a auna masa allurar shanu da ka. Malamin dabbobi ne zai faɗi abin da ya dace da adadinsa.

Ciwon hauka

Wannan ita ce babbar magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kusan dukan masu kamuwa daga cizon kare suke samu. Da zarar alamu sun bayyana, babu magani. Cutar takan ɓoye wata biyu zuwa uku bayan cizo, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, shi ya sa warkewar rauni ba ta nufin an tsira.

Babu irin karen da ya fi ƙarfinta. Alamarta ta farko sauyin hali ce: mai natsuwa ya koma cizon duk abin da ya gani, ko mai kuzari ya yi laƙwas, muƙamuƙi a sake, miyau na zuba. Saniyar da mahaukacin kare ya ciza takan yi ta kuka babu tsayawa, tana dalala kamar wani abu ya maƙale mata. Kada ka sa hannu a bakinta neman abin da ya tsaya. Ka ware ta, ka kira malamin dabbobi.

In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar domin a fara allurar rigakafi. Kada a tsaya shafa toka ko barkono. Karen da ya yi cizon, in ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, a tsare shi aƙalla kwana 10 ana kallonsa, a kuma sanar da ma'aikatan kiwo.

Allurar kare ita ce katangar kowa. Ana fara ta yana da wata uku, a maimaita kowace shekara. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. An gwada wannan a Njamena, babban birnin Cadi, a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, kuma haukan karnuka ya ragu ƙwarai a birnin. Kashe karnuka da guba bai taɓa yin wannan aiki ba, domin wasu marasa allura ne ke zuwa su cike gurbin. Hukumomin duniya sun sa shekarar 2030 a matsayin wa'adin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta cizon kare, kuma ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da wannan yaƙi.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Mutum ɗaya ba zai ɗauko malamin dabbobi zuwa ruga saboda kare guda ba, amma ƙungiyar makiyaya za ta iya. A taro na gaba, a rubuta yawan karnukan kowane mamba kamar yadda ake rubuta shanu. A tuntuɓi ma'aikatar kiwo ta Matameye ko likitan dabbobi mai zaman kansa na yankin, a ji yadda za a samu allurar hauka, a tsayar da rana guda a tara karnukan, in ya yiwu lokacin da ake rigakafin garkuna na shekara. A sayi maganin tsutsa a dunƙule daga asusun ƙungiya. A yi magana da sarkin fawa kan haƙa ramin zuba ɓataccen kayan ciki a kwata. Kowane kare da aka yi wa allura a ɗaura masa alama a wuya, a ajiye takardarsa.

Addini bai hana wannan ba. Ya halatta ajiye kare don kiwo, farauta da gadin gona, kuma malamai suna kawo hadisin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ɗauki kare aiki, ciyar da shi, shayar da shi da yi masa magani suna wuyansa. Kafin garkuna su bar gonakin Kance bana, kowane mai ruga ya tambayi kansa yaushe aka yi wa karensa allura ta ƙarshe, ya kuma kawo amsar taron ƙungiya.