Kwamfutar 'Yan Makaranta Da Ta Haifi Ƙwaƙwalwar Wayarka

Idan da waya kake karanta wannan rubutu, to a cikinta akwai wani ɗan abu da bai wuce girman farcenka ba, wanda shi ke yin duk lissafin da ke sa ta aiki. Ana kiransa masarrafa. Ko Tecno ce a hannunka, ko Samsung, ko iPhone, kusan tabbas an gina masarrafarta ne bisa wani tsari mai suna ARM. Shi kuwa ARM, idan ka bi salsalarsa, za ka tarar da wata kwamfuta da aka ƙera a Birtaniya a 1981 don koyar da jama'a, musamman 'yan makaranta.

Tsoro ne mafari

A 1978 gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri na Horizon kan ƙananan masarrafan da suka fara fitowa a lokacin. Saƙon shirin ya tayar wa mutane da hankali: waɗannan 'yan abubuwa za su raba ɗimbin ma'aikata da aikinsu, ga shi Birtaniya ba ta shirya ba. Daga nan BBC ta tsara gagarumin shirin wayar da kai kan kwamfuta. Sai dai ba a koyon iyo a tudu. Dole a samu kwamfutar da mai kallo zai saya ya riƙa gwada abin da ya gani.

A lokacin, mutumin da ya fi suna a wannan fage shi ne Clive Sinclair na birnin Kambirij. A 1980 ya fitar da ZX80 a kan ƙasa da fam 100, abin da ya ba kowa mamaki. A 1981 ya biyo ta da ZX81 a kan fam 69.95. Ma'adanar aikinta kilobait ɗaya ce tak, wato gurbin haruffa 1,024. Ko kashi ɗaya bisa huɗu na wannan rubutu ba za ta iya riƙewa ba.

Yaya aka yi ta yi araha haka? An cire duk abin da gida ke da shi. Ba ta da allo, sai ka jona ta da talabijin ɗin falo. Ba ta da wurin adana aiki, sai ka kawo rikoda da kaset irin na waƙa. Kwamfutar takan mayar da sifili da ɗaya zuwa sauti, rikoda ta naɗa. Gobe idan kana son manhajarka, ka kunna kaset ka zauna jiran mintuna yana ƙara, in ƙarar ta yi yawa ko ta yi kaɗan kuma a koma farko. Ita ZX80 ma, duk sanda ka danna harafi sai hoton ya ɗauke ya dawo, saboda masarrafa ɗaya ce ke zana hoto kuma take lissafi.

Aikin mako guda

Amma ba Sinclair ne ya samu kwangilar BBC ba. Wani ƙaramin kamfani ne a Kambirij ɗin, Acorn, wanda Hermann Hauser da Chris Curry suka kafa a 1978. Shi Curry tsohon ma'aikacin Sinclair ne. Lokacin da jami'an BBC suka ce za su zo su ga samfuri, kwamfutar Acorn tana kan takarda ne kawai. Hauser ya kira injiniyoyinsa biyu, Sophie Wilson da Steve Furber, ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa kowanne ɗan'uwansa ya yarda za a iya haɗa ta cikin mako guda. Suka duƙufa dare da rana. Na'urar ba ta tashi ba sai dab da isowar baƙin.

A Disamban 1981 ta fito da sunan BBC Micro, iri biyu: Model A mai kilobait 16, da Model B mai kilobait 32. Ta yi tsada, don farashin Model B ya kai fam 399. Abin da ya taimake ta shi ne gwamnati ta ɗauki nauyin rabin kuɗin kwamfutar da makaranta za ta saya, muddin ƙirar Birtaniya ce daga cikin waɗanda aka amince da su. An yi hasashen sayar da 12,000. Aka sayar da kimanin miliyan ɗaya da rabi.

Ga abin da ya bambanta ta da wayarka. Idan ka kunna ta, ba hoto, ba abin latsawa. Baƙin allo ne da 'yar alama tana ƙiftawa, tana jiran umarni cikin yaren BASIC. Yaro zai rubuta layi biyu: na farko ya ce a buga sunansa, na biyu ya ce a koma na farko. Nan take sunansa ya cika allo yana gudu. Shi ke nan, ya gane cewa na'urar nan shi take yi wa biyayya. Mujallu kan buga manhajar wasa sukutum, yara su kwafa harafi bayan harafi, in ta ƙi aiki su nemo kuskuren da kansu. A gidaje kuma ZX Spectrum ta Sinclair, wadda ta fito a 1982 da hoto mai launi, ita ta yi kasuwa. Da yawa daga masu rubuta manhaja na Birtaniya a ɗakin kwanansu suka koya.

Rashi ya zama riba

Zuwa 1983 Acorn na neman masarrafar da ta fi ta BBC Micro ƙarfi, amma waɗanda ke kasuwa ba su gamsar da su ba. Wilson da Furber suka karanta binciken jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley kan wata dabara mai suna RISC. Ma'anarta a taƙaice: maimakon a cusa wa masarrafa umarni barkatai masu sarƙaƙiya, a ba ta kaɗan masu sauƙi, ta riƙa aiwatar da kowanne cikin sauri. Aiki mai wuya kuma a yanka shi gunduwa-gunduwa.

Hauser kan ce abu biyu ya ba injiniyoyinsa waɗanda manyan kamfanoni ba su ba nasu ba: rashin kuɗi da rashin ma'aikata. Dole suka sauƙaƙa komai. Masarrafar ARM ta farko ta yi aiki ranar 26 ga Afrilun 1985, da transista kimanin 25,000. Intel 386 da ta fito a shekarar tana da 275,000.

Saboda tsimi, sun so su sa ta cikin kwanson roba mai araha, wanda ba ya jure zafi. Don haka suka yi ƙoƙarin kada wutar da take ci ta wuce wat ɗaya. Da aka auna, sai aka ga wajen kashi ɗaya bisa goma na hakan take ci. Furber ya ba da labarin yadda ya ga ma'aunin wuta a kan sifili alhali masarrafar na aiki: ashe wutarta ba ta haɗu ba, da ɗan abin da ke tsiyayowa daga sauran sassan allon take tafiya. A lokacin ba wayar hannu suke tunani ba.

Uwa ta mutu, 'ya ta rayu

Kasuwar kwamfutocin gida ta karye a ƙarshen 1984. Kamfanin Olivetti na Italiya ya ceci Acorn a 1985, Sinclair kuma ya sayar wa Amstrad harkar kwamfutarsa a 1986 kan fam miliyan 5. Sannu a hankali kwamfutoci irin na IBM suka mamaye ofisoshi da makarantu, sunan Acorn ya ɓace a ƙarshen shekarun 1990.

Kafin nan, a 1990, an ware ARM ya zama kamfani mai zaman kansa, da haɗin gwiwar Acorn da Apple da VLSI, da injiniyoyi 12. Ba ya ƙera masarrafa da kansa, zane yake sayarwa wasu su ƙera. Da wayoyin hannu suka zo suna neman abin da ba zai shanye batir ba, sai ga shi a ajiye. Nokia ta ɗauka, saura suka bi.

Akwai ragowar labari. Bayan shekara ta 2000, Eben Upton da abokan aikinsa a jami'ar Kambirij suka lura masu neman karatun kwamfuta sun ragu, waɗanda ke zuwa kuma ba su iya rubuta manhaja kamar na da ba. Na'urori sun yi ƙarfi, amma sun daina gayyatar yaro ya ba su umarni. Amsarsu ita ce Raspberry Pi, 'yar kwamfuta mai dala 35 da ta fito a 2012, mai masarrafar ARM. Sunayen da suka raɗa wa nau'o'inta biyu na farko? Model A da Model B.

Wayar da ke hannunka ta ninka BBC Micro ma'adana fiye da sau dubu goma. Idan ka miƙa wa yaro ita anjima, ka lura da kyau: shi ke ba ta umarni, ko ita ke ba shi?