Daga Ragowar Cefane Zuwa Lambu: Yadda Za Ka Shuka Kayan Ƙamshin Girki a Bokiti

Duk mai yawo a TikTok ko Instagram ya san irin bidiyon nan: wata Baturiya ta buɗe tagar kicin, ta miƙa hannu ta tsinko ɗanyen ganye daga wata 'yar tukunya mai kyau, ta jefa a girki. Abin gwanin sha'awa. Matasanmu da yawa ba su tsaya a kallo ba. Sun sayi iri mai tsada ta intanet, sun shuka, sun yi ta ban ruwa, bayan mako uku komai ya bushe ƙurmus. Daga nan sai a yanke hukunci: "Ni dai ba ni da hannun shuka."

Ba hannu ba ne matsalar. Mai bidiyon tana zaune ne a Ingila ko Kanada, inda ake neman rana ruwa a jallo. Kai kuwa kana Kano, Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Shawarar da ta raya shukarta, ita ce za ta kashe taka. Lambun da zai ɗore a nan shi ne wanda aka gina a kan abin da muke ci da kuma yanayin da muke ciki. Abin daɗin shi ne, mafi yawan irin da kake buƙata yana cikin ledar cefanen gidanku, kullum ana zubar da shi a shara.

Me zai sa ka wahalar da kanka?

Na farko dai aljihu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kayan abinci suka yi tashin gwauron zabi, har alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Na'a-na'a da lawashin da mai kayan miya ke ɗora maka a matsayin gyara, yanzu sai ka biya. Citta kuwa ba a magana: cutar da ta afka wa gonakinta a kudancin Kaduna a 2023, a yankunan Kachia, Jaba da Kagarko, ta sa farashinta ya ninka har masu shayi suka riƙa yi mata awon zinare.

Ga kuma asara. Ka sayi ƙulli guda, ka yi amfani da ganye biyar, sauran ya yanƙwane kafin gobe saboda babu wutar da za ta riƙe firij. Wanda ke cikin bokiti kuwa yana nan da ransa, sai abin da kake buƙata za ka tsinka.

Na biyu tsafta. Wasu lambunan cikin birane da ruwan kwata da na masana'antu ake shayar da su, kuma masana sun daɗe suna jan hankali kan haka. Ganyen da za ka jefa a shayi ko kwaɗo ba tare da dogon dahuwa ba, gara ka san ruwan da ya sha.

A gaskiya bokiti uku ba za su ciyar da gida ba, ba kuma za su rage kuɗin shinkafa ba. Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun kafin gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirinta na ciyar da ƙasa a 1976, wanda ya ƙarfafa noma a bayan gida da makarantu, kakanninmu mata suna da rama, yakuwa da ɗaɗɗoya a gefen wurin wanke-wanke. Siminti da tayil ne suka cinye tsakar gida, sai mu koma bokiti.

Huɗun da za ka fara da su

Lawashi shi ne na masu gaggawa. In an sayo albasa mai lawashi, yanke ganyen ka bar gindin da saiwarsa, tsawon kamar rabin yatsa. Ka cusa shi a ƙasa mai damshi, kansa a waje. Cikin mako guda za ka ga sabon kore ya leƙo. Za ka iya yanka sau biyu ko uku kafin ya gaji, sai ka sake dasa wani.

Na'a-na'a kuwa, zaɓi reshe mai lafiya kamar tsawon tafin hannu, ka cire ganyen ƙasa, ka tsoma shi a robar ruwa da aka yanke wa kai. Ajiye a wuri mai haske amma ba cikin rana ba, kana canza ruwan duk kwana biyu don kada ya yi wari ko sauro ya samu gidan haihuwa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu fararen saiwoyi za su fito, sai dashe. Amma fa a ba ta bokitinta ita kaɗai. Na'a-na'a 'yar mamaya ce, tana bin ƙarƙashin ƙasa ta danne duk maƙwabcin da aka haɗa ta da shi.

Ɗaɗɗoya, wadda Yarbawa ke kira efinrin, Ibo kuma nchanwu, ita ma haka ake kafa ta daga reshe. Ita ce mai fito da farfesun kifi ko na kayan ciki, kuma ta fi sauran juriyar zafinmu. Mai manyan ganye tana girma har ta zama ɗan ƙaramin daji, don haka a ba ta babban mazubi.

Ta huɗu ita ce ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami, wadda wasu ke kira lemon giras. Wannan ba sai ka saya ba. Duk gidan da take, ka roƙi a ɓantaro maka kara biyu ko uku da saiwarsu. Ka datse dogon ganyen, ka dasa. In ta kama, kai ma sai ka gaji da rabawa.

Citta da kurkum na masu haƙuri ne. Nemi ɗanya mai ido, wato ɗan tohon nan da ke ɓullowa a jikinta, ka binne ta ba da zurfi ba a buhu ko faffaɗan baho, a farkon damina, a wuri mai inuwa-inuwa. Sai ta yi wata takwas zuwa goma, ganyenta ya fara bushewa, sannan a tone.

Mazubi, ƙasa da taki

Ba ka buƙatar tukunyar fulawa ta kanti. Fasasshen bokiti, tsohon baho, jarkar man gyaɗa da aka yanke, buhun shinkafa, duk suna yi. Sai dai ka guji duk abin da aka taɓa zuba baƙin mai, fenti ko maganin ƙwari a ciki, domin abin da za ka ci ne.

Doka ta farko, wadda ta fi kowace: huda gindin mazubin. Ɗauki ƙusa ka ɗora a wuta, ka yi huji biyar ko shida. Saiwa tana shaƙar iska kamar yadda kake shaƙa. In ruwa ya kwanta a ƙasan bokiti sai ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya langaɓe. Mai shukar kuma sai ya ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. Shukar bokiti da yawa ba ƙishi ke kashe su ba, nutsewa suke yi.

Ƙasa kuma a haɗa ta: kashi biyu ƙasar lambu, kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya takin gargajiya. Laka zalla tana ƙanƙamewa kamar bulo idan ta bushe, yashi zalla kuma ba ya riƙe ruwa. Takin ya kasance tsoho, wanda ya bushe ya daina wari. Kashin awaki ko na tumaki ya fi sauƙin samu. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi ƙwarai, yana ƙona saiwa, sai an bar shi ya kwana biyu sosai kafin a taɓa shi. Duk wata guda ka ƙara ɗan taki cikin tafin hannu a saman ƙasar, saboda ban ruwa yana wanke abincin da ke cikin bokiti.

Bi kalandar garinku

Littattafan Turawa za su ce a ba ganye rana ta awa shida ko fiye. A nan abin tambaya shi ne: wace ranar? Ta safe, daga fitowarta zuwa hantsi, magani ce. Ta azahar a bazara kuwa wuta ce, musamman ga na'a-na'a. Nemi gefen da ke kallon gabas, inda katanga ko bishiya za ta kare shukar da rana tsaka. Baƙar roba a kan siminti tana ɗaukar zafi har ta dafa saiwa, don haka ɗora bokitin a kan katako ko bulo, ka rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don damshi ya daɗe.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, ƙaramin mazubi zai iya neman ruwa safe da yamma. A damina aikin ya juya: duba cewa hujin bai toshe ba, kuma ka janye bokiti daga ƙarƙashin indararo. Hunturu kuma shi ne lokacin tafarnuwa, wadda ke son sanyi kafin ta yi kai. Shi ya sa manoman rani ke shuka ta wajen Nuwamba, su cire bayan wata huɗu zuwa biyar. In ma kana sha'awar gwada ganyayen nan na ƙasashen sanyi da ka gani a bidiyo, to a lokacin ne za su fi yi maka biyayya. Sai dai iskar hunturu tana busar da ganye, ƙura kuma tana lulluɓe shi, don haka riƙa ɗauraye shi da yayyafi.

Kada ka yi ban ruwa da agogo, yi da yatsa. Cusa shi a ƙasa zuwa gaɓa ta biyu. In ka ji damshi, bari sai gobe. In a bushe take, zuba a gindi har sai ruwa ya ɗigo ta ƙasa. Ga masu sayen ruwa wurin 'yan garuwa, ba sai an ƙara kashe kuɗi ba: ruwan alwala da na wanke shinkafa ko kayan miya sun wadatar. Na wanki mai omo, da mai gishiri ko maiƙo, su ne ba a so.

Tsinka, kada ka ji tausayi

Nan ne sababbin masu lambu ke shan mamaki. Ɗaɗɗoya da na'a-na'a, yawan tsinka ne ke sa su cika. In shukar ta kai tsawon taƙi guda, datse kanta daidai saman inda ganye biyu suka fito suna kallon juna. A wurin rassa biyu za su toho. Ka sake datse su, su zama huɗu. Wanda ya bar ta don tausayi, sai ta miƙe siririya kamar sanda, ta yi fure, ta tsufa. Da ka ga fure ya fara leƙowa, cire shi, domin da zarar shuka ta koma yin iri sai ta rage yin ganye. Amma kada ka kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda.

In ganye ya yi yawa, shanya shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, ba a rana ba. Rana tana kwashe ƙamshin da launin. In ya bushe, zuba a kwalba mai murfi.

Ɓarayin lambu

Babban abokin gaba a gidajenmu ba ƙwaro ba ne, akuya ce. Aikin wata biyu, minti biyu ya ishe ta. Kaji suna tone ƙasa, ƙadangaru kuma suna son sabon tsiro. Tsohon gidan sauro da aka ɗaura a kan sanduna huɗu yana maganinsu duka, ya kuma rage zafin rana.

Ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye kuwa a bayansa suke ɓuya, don haka riƙa ɗaga ganyen kana dubawa. In kaɗan ne, wanke su da ruwa, ko ka cire ganyen da suka cika. In sun yi yawa, daka ganyen darbejiya, ka jiƙa ya kwana, ka tace, ka fesa da yamma. Ka dakata kwana biyu ko uku kafin tsinka, kuma ka wanke sosai saboda ɗaci. Don Allah kada fiya-fiya ko maganin sauro ya kusanci abin da za a sa a baki. Wannan guba ce, ba wasa ba.

Ɗalibai da 'yan haya

In gidan haya kake, yi wa mai gida magana tukuna, kuma ka nisanta bokiti daga bango don kada damshi ya jawo rigima. Ɗalibi mai tafiya hutu zai iya cika robar ruwa, ya yi ɗan ƙaramin huji a murfin, ya kifa ta a cikin ƙasar. Za ta riƙe shukar na 'yan kwanaki. In hutun mai tsawo ne, bar wa maƙwabci amana da sharaɗin ya riƙa tsinka, ko ka yanki rassa biyu ka tafi da su gida ka kafa sabo.

Kada ka fara da bokiti goma. Fara da biyu, na lawashi da na na'a-na'a, ka ba su minti biyar kowace safiya kafin ka buɗe data. In sun kai wata guda da rai, ƙara ɗaɗɗoya. Yau in an dawo daga cefane, ka tsaya kusa da mai yanka albasa, ka ce a ajiye maka gindin.