Tsohuwar Jita ko Sabuwa: Wacce Ta Dace da Mai Hawa Dandali?

 Mas'alar da muka ɗauko yau ta daɗe tana raba kan makaɗan jita mai lantarki a Amurka da Turai, kuma tun da samarin Agadas da Yamai suka rungumi wannan kiɗa har duniya ta san da su, ya zama mu ma muna da ta cewa a cikinta. Mas'alar kuwa ita ce, mutumin da jita ce sana'arsa, wanda yau yana wasa a wannan gari gobe yana wancan, shin tsohuwa ya kamata ya nema, irin wadda aka ƙera shekara 60 ko 70 da suka wuce, ko kuwa sabuwa ta wadatar da shi?

Kafin a yanke hukunci, wajibi ne a san asalin abin da ake jayayya a kansa. A garin Fullerton na jihar Kalifoniya aka yi wani mai gyaran rediyo, Leo Fender, wanda ko kaɗa jita bai iya ba, amma Allah Ya hore masa basirar sauƙaƙa abu mai wuya. Shi ne a 1950 ya fitar da jitar da daga baya aka sa wa suna Telecaster, falankin katako ne kawai da aka ɗaure masa wuya da kusoshi huɗu, domin in wuyan ya lalace a kwance shi a sa wani. A 1954 ya biyo da Stratocaster, ana sayar da ita dala 249 da rabi. Kamfanin Gibson kuwa, da ke Kalamazoo a jihar Mishigan, ya fitar da Les Paul a 1952, sa'an nan a 1957 ya sa mata sabon maɗaukin sauti da Seth Lover ya ƙirƙiro, mai naɗin waya biyu, wanda ke kashe gunjin nan da wutar lantarki ke cusawa cikin lasifika. Les Paul ɗin da aka yi daga 1958 zuwa 1960, waɗanda adadinsu bai wuce kimanin 1,700 ba, a zamaninsu kasuwa ba ta karɓe su ba, har kamfanin ya daina yin su ya sake fasali. Yau kuwa guda ɗaya tana kaiwa ɗaruruwan dubban daloli.

To, me ya jawo wannan daraja? A nan ne ya kamata mai sauraro ya natsu, domin malamanmu na fiƙihu sun koya mana cewa hukunci yana tafiya ne tare da illarsa, in illar ta gushe shi ma ya gushe. A farkon 1965 Leo Fender ya sayar da kamfaninsa ga kamfanin CBS a kan dala miliyan 13, a 1969 kuma Gibson ya koma hannun waɗanda aka sani da Norlin, kuma da sababbin masu dukiyar suka fi mai da hankali ga yawan abin da ake fitarwa bisa ga kyan aikin, sai makaɗa suka fara kuka, wannan ya ce jitarsa ta yi nauyi, wancan ya ce an lafta mata fenti mai kauri, wani kuma ya ce wuyan bai zauna daram a gurbinsa ba. Saboda haka makaɗin 1975 da ya shiga kantin kayan gwanjo yana neman Stratocaster ta 1962, hujjarsa ƙaƙƙarfa ce, domin ta fi sabuwar kyau, kuma a lokacin ba ta fi ƙarfin aljihunsa ba. Waɗannan dalilai biyu duk sun kau, amma maganar ta ci gaba da yawo daga baki zuwa baki, har ta zama kamar ijma'in da ba a tambayar dalilinsa.

Ba za mu zalunci tsohuwar jita ba, tana da falala ta haƙiƙa. Katakonta ya bushe ya zauna, fentinta siriri ne, wuyanta ya sha hannu har ya yi santsin da ba a samu a kanti, kuma da yake a wancan zamani naɗin wayar maɗaukin sauti bai cika zuwa daidai da juna ba, kowace jita da irin muryarta. Amma wannan saɓanin shi ne kuma aibinta, domin yadda aka dace da wasu haka aka yi rashin dace da wasu, kuma shekarar ƙira ba ta shaidar wacce ce a hannunka sai ka kaɗa ka ji.

Sa'an nan ga nauyin da take ɗora wa mai ita. Ƙarafan da ke jere a wuyan jita suna cinyewa da yawan danna tsirkiya, dole wata rana a sake su. Amma a kasuwar tsofaffin jitoci duk abin da aka canja, ko fenti ne ko maɗaukin sauti ko 'yar dalmar da aka liƙa waya da ita, yana rage kuɗinta, har ya zama mai ita yana tsakanin abu biyu, ko ya gyara ta ya yi hasarar dukiya, ko ya bar ta da aibinta ya yi hasarar kiɗa. Ga kuma sha'anin salsala, domin inda kuɗi ya yi yawa algus ba ya nisa, kuma jitar Fender da aka yi ta don a riƙa kwancewa ana ɗaurawa ba ta da wuyar haɗa wa wuyan wata da jikin wata. Mai ƙetare iyaka kuma yana da tasa damuwar, saboda wani katako na Barazil da aka shimfiɗa a wuyan da yawa daga cikinsu ya shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta tsananta kariyarsu tun 1992, fita da shi wata ƙasa sai da takardu.

A ƙasarmu kuwa akwai alƙalin da ba ya duban suna ko shekara, shi ne yanayi. In hunturu ya kama, katako yakan bushe ya tsuke har bakin ƙarafan wuya su fito suna yankar hannu, in damina ta sauka ya sha danshi wuyan ya motsa, kuma dole a juya sandar ƙarfen da ke cikinsa a miƙe shi. A tsohuwar Fender kan wannan sanda yana can gindin wuya, sau da yawa sai an sassauta kusoshi kafin a kai gare shi, alhali a yawancin sababbi yana sama a fili, aikin minti kaɗan. Ƙara da ƙura, da zafin bazara a bayan mota, da wutar janareta wadda ke sa maɗaukin sauti mai naɗi ɗaya ya yi ta gunji.

Sabuwar jita ta amfana da duk wannan tajriba. Injin da kwamfuta ke sarrafawa yana yanka katako da awo ɗaya, ta yadda ta goma ba ta saɓa wa ta farko ba. An baje fuskar wuya don tsirkiya ta jawu ba tare da sautin ya shaƙe ba. Makunnin Stratocaster mai matsayi uku ya koma mai biyar tun 1977. Kuma tun da Fender ta fara fitar da jitocin Squier daga Japan a 1982, aka kuma buɗe masana'antu a Meziko da Koriya da Indunusiya, mai ƙaramin ƙarfi ya sami jitar da za ta riƙe saiti daga farkon wasa har ƙarshe. Akwai ma sababbin da ake kankare wa fenti da gangan don su yi kama da tsofaffi, abin da Fender ta fara sayarwa a 1995; ni dai a ganina kuɗin da aka biya don wannan kankara da an sa shi a amfilifaya mai kyau da ya fi fa'ida.

Hujjar da ta fi gamsar da ni kuwa tana cikin tarihin manyan makaɗan su kansu. Jimi Hendrix, a taron Woodstock na 1969, Stratocaster ta 1968 ya riƙe, wato sabuwa, kuma ta zamanin CBS ɗin nan da ake kushewa. Eric Clapton ya sayi tsofaffi shida a Nashville a 1970, ya kyautar da uku, ya wargaza ukun da suka rage ya haɗa guda daga mafi kyawun sassansu, ita ce Blackie da aka yi gwanjonta dala 959,500 a 2004. Baƙar Stratocaster ta David Gilmour, wadda ta kai dala miliyan 3 da dubu 975 a 2019, an sha canja mata wuya da maɗaukan sauti. Dukansu kayan aiki suka ɗauke su, suna gyarawa ba tare da tsoro ba, kuma aikin da aka yi da su ne ya sa musu wannan kuɗi. A nan kusa da mu, Mdou Moctar na Nijar, wanda bahago ne, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke, kuma Stratocaster ta bahago ta wannan zamani ce yake zaga duniya da ita.

Saboda haka wanda Allah Ya yalwata masa, yana kuma da ɗakin ɗaukar sauti inda jita za ta zauna lafiya, in ya sayi tsohuwa bai yi laifi ba, amana ce ta tarihi ya ɗauka. Amma kai saurayi mai hawa dandali, nemi sabuwa, ko wadda aka ɗan yi amfani da ita. Ka kaɗa ta kafin a jona ta da wuta, ka bi wuyanta gaɓa gaɓa ka ji ko akwai inda take zuza, ka kai ta wurin gwanin gyara ya daidaita maka tsirkiya, ragowar kuɗin kuma ka sayi amfilifaya da akwati mai ƙarfi da tsirkiyoyin ajiya.