Ko Kun Sani?

A shekarar 1988 ne Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta, mutumin da bai taɓa zama ajin boko ba, kuma ba ya rubuta waƙoƙinsa a takarda.

Abin ya fi ban mamaki idan aka dubi gwanayen kiɗan Turai. Sergei Rachmaninoff, ɗan ƙasar Rasha da aka haifa a 1873, gwanin fiyano ne mai tsara kowane sauti a rubuce kafin makaɗa su taɓa kayansu. Da babban kiɗansa na farko ya sha suka a 1897, sai da ya yi kusan shekara uku bai tsara wani abin kirki ba.

Shi kuwa Shata, haifaffen Musawa, a fili yake ƙirƙira: kalangu na tashi, 'yan amshi na karɓa, baituka na zubowa. Shi ya sa waƙarsa Bakandamiya ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Jami'ar ta yi daidai ƙwarai da ta karrama irin wannan baiwa. Shata ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura.